Ciwon ƙoƙon gwiwa da ya samo asali daga tsohon targaɗe: labarin wata malamar makaranta

Wannan labarin wata malamar sakandare ce, mai shekara 31, uwar 'ya'ya biyu, wadda ta shafe kusan wata takwas tana fama da ciwo a gaban gwiwarta ta dama. Da izininta nake ba da shi, ba tare da suna ba, domin irin ciwon nata yana cikin waɗanda muka fi gani a sashen gashi na asibiti (inda ake magani da motsa jiki), kuma yana cikin waɗanda mutane suka fi kashe wa kuɗi a banza.

Da aka ce ta nuna inda yake mata ciwo, ba ta nuna da yatsa ɗaya ba. Tafin hannunta ta kifa a kan ƙoƙon gwiwar gaba ɗaya, ta ce nan ne, kewaye da shi, wani lokaci kamar a ƙarƙashinsa. Saukowa daga bene ta fi mata wuya a kan hawa. Idan ta yi doguwar tafiya a mota da gwiwa a lanƙwashe, sai ta tsaya tana miƙe ƙafa kafin ta iya takawa. Tashi daga sujada, tsugunno a bayi, zaman tankwashe ƙafa a tabarma, duk suna tayar da shi. Ba ta faɗi ba, gwiwar ba ta kumbura ba, ba ta taɓa ƙagewa ba. Sai ƙaran ƙas-ƙas da take ji in ta tsuguna, wanda shi ya fi tayar mata da hankali.

Kafin ta iso gare mu, an gaya mata sanyin ƙashi ne, an gaya mata ruwan gwiwa ne ya ƙare. Ta sha diklofenak, maganin kashe zafin ciwo, daga wani kemis har cikinta ya fara zafi. Ta shafa man zafi kala-kala, ta sayi robar ɗaure gwiwa a kasuwa. An yi mata hoton ƙashi, bai nuna komai ba, kuma hakan ne ake sa ran gani, don wannan ciwon ba ya fitowa a hoto. Daga ƙarshe ta koma sallah a kan kujera, ta rage fita, tana jira hutu ya warkar da ita. Hutun yana kwantar da ciwon kwana biyu, da ta koma aiki sai ya dawo, kuma kowane dawowa cinyar ta ƙara laushi.

Sai an san yadda ƙoƙon yake aiki kafin a gane abin da ya same ta. Ƙoƙon gwiwa ƙashi ne da ke zaune cikin jijiyar manyan tsokoki huɗu na gaban cinya. A ƙarshen ƙashin cinya akwai wani kwarmi, a cikinsa ƙoƙon ke zamewa sama da ƙasa duk lokacin da aka miƙe ko aka lanƙwasa gwiwa. Gwargwadon lanƙwasawa da nauyi a kai, gwargwadon yadda ƙoƙon ke dannuwa a jikin kwarmin. A tafiya a fili, matsin ya kai kusan rabin nauyin jiki. A bene ya kai kusan ninki uku. A tsugunno mai zurfi yana iya kaiwa ninki bakwai. Malama tana da kilo 70, wato kowace matakala tana ɗora wa wannan ɗan ƙashi wajen kilo 200. Lafiyayyiyar gwiwa tana ɗaukar wannan ba tare da ƙorafi ba, in dai nauyin ya bazu a faɗin kwarmin. Amma ƙoƙon ba shi ke zaɓar hanyarsa ba. Ƙugu ne ke juya ƙashin cinya daga sama, ƙafa ce ke juya ƙashin ƙwauri daga ƙasa, shi yana tsakiya yana karɓar abin da suka haɗa.

Ƙafa tana da ƙashi 26, amma a tsaye nauyi kan wurare uku yake sauka: diddige, gindin babban yatsa, da gindin ƙaramin yatsa. Kamar duwatsun murhu ne, in ɗaya ya nutse tukunya ta karkace. A taku mai kyau, diddige ne ke fara taɓa ƙasa ta ɗan gefen waje, sai nauyi ya gangaro ciki, kwarmin tafin ƙafa ya ɗan sauka don ya shanye bugun, sannan ƙafar ta sake ƙarfafa, a tura jiki gaba ta kan babban yatsa. Wannan ɗan karkatar zuwa ciki ba cuta ba ce, haka aka halicci ƙafa. Matsalar tana zuwa ne in karkatar ta yi yawa, ko ta daɗe har lokacin da ya kamata ƙafa ta ƙarfafa. A lokacin ƙwauri yana murɗawa ciki, cinya ta bi shi, gwiwa ta faɗa wajen 'yar'uwarta, sai ƙoƙon ya koma yana gugar gefen waje na kwarminsa. Nauyin bai canja ba, wurin da ke ɗaukarsa ne ya ƙanƙance.

A nan ina so in ja hankali, don na ga ana tsorata mutane da wannan. Shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa shi kaɗai ba hukuncin ciwon gwiwa ba ne. Mutane da yawa suna da shi, suna noma, suna ƙwallo, ba su taɓa jin komai ba. Abin dubawa shi ne yadda ƙafar ke yi idan aka ɗora mata nauyin jiki ita kaɗai, da kuma ko aikin da ake ba ta ya ƙaru farat ɗaya.

Shi ya sa binciken ya fara daga takalmi. Silifas ɗin da ta zo da shi, na dama ya cinye ta gefen ciki, daga diddige har gindin babban yatsa, ya lotse kamar an danna shi da guduma. Na hagu kuwa cinsa daidai yake. A gefen babban yatsanta na dama akwai kanta mai kauri, alamar cewa ta gefen yatsan take turawa maimakon ta ƙarƙashinsa. Sai tsayuwa da ƙafa ɗaya, babu takalmi, hannu a ƙugu. Hagu ta yi sakan 30 ba motsi. Dama ta yi sakan 9, yatsu sun ƙanƙame ƙasa, idon sawu yana rawa, kafaɗa na tangaɗi. Sai saukowa a hankali daga kan dakali mai tsayin santimita 20, tana tsaye a kan ta dama. Gwiwar ta shige ciki har ta wuce layin babban yatsa, ƙugun hagu ya zube, kwarmin tafin ya shafe, ta ce ciwon ya kai shida cikin goma.

Gwaji na gaba kowa zai iya yi a gida. A fuskanci bango, a ajiye ƙafa a miƙe, a tura gwiwa ta taɓa bangon ba tare da diddige ya ɗaga ba, ana ja da baya kaɗan-kaɗan har inda ba za a iya ba, sai a auna daga babban yatsa zuwa bango. Wajen santimita 10 ake nema. Hagunta ta ba da 11, dama ta ba da 5.

"Malama, kin taɓa yin targaɗe a wannan ƙafar?"

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ai Likita wannan ya daɗe, shekara uku ke nan. Na gurɗe ne a bakin kwata. An kai ni wajen mai ɗori, ya ɗaure, ya warke sarai."

Zafin ne ya tafi, amma idon sawun bai koma yadda yake ba. Targaɗe yana barin abu biyu in ba a bi shi da motsa jiki ba. Na farko, gaɓar tana sandarewa, ƙwauri ya kasa sunkuyawa gaba a kan ƙafa. Saukowa daga matakala kuwa tana buƙatar wannan sunkuyawar sosai, don haka jiki ya nemi hanyar kewaye: a baje kwarmin tafi, a karkata ƙafa waje, a jefa gwiwa ciki. Na biyu, jijiyoyin idon sawu suna ɗauke da ƙananan masu kai saƙo ga ƙwaƙwalwa, su ke shaida mata inda ƙafa take da yadda ta karkata. Bayan rauni saƙon yana raguwa, gyaran tsayuwa ya riƙa zuwa a makare, gwiwa ta riƙa 'yar lilo hagu da dama a kowane taku. Mutum ba ya lura, don ba ya faɗuwa.

Shekara biyu ta yi da wannan ƙafar ba ta ji ciwon gwiwa ba, saboda aikin da take ba ta bai fi ƙarfinta ba. Abin da ya fasa ƙwan shi ne ta dawo daga hutun haihuwa, tsokokin cinya da na ɗuwawu sun yi sanyi, aka kuma mayar da azuzuwanta hawa na biyu. Daga mai tafiya a fili ta koma mai hawa da sauka sau da yawa a yini, cikin takalmi maras tallafi, da tarin littattafai a hannu. Cikin mako uku gwiwa ta fara magana.

Kafin a tsara mata komai, an sa ɗan soso mai tauri a ƙarƙashin kwarmin tafinta, aka ce ta danna gindin babban yatsa, ta sa gwiwa ta kalli yatsa na biyu, ta sake saukowa daga dakalin. Ciwon ya sauko daga shida zuwa uku nan take. Wannan gwajin ina ba shi muhimmanci, don yana nuna wanda shimfiɗar cikin takalmi za ta taimaka wa, kuma yana sa mai ciwo ya gani da idonsa cewa gwiwarsa ba ta lalace ba.

Matakin farko shi ne rage wa gwiwar aiki ba tare da an daina motsi ba. Ta haɗa darussanta na sama don hawan ya ragu zuwa sau biyu a yini, tana riƙe ƙarfen gefe, ƙafa mai lafiya ce ke fara hawa, mai ciwo ce ke fara sauka. Ba ta zama fiye da minti 30 ba tare da ta miƙe ba. Aka sa mata kujerar bayi na ɗan lokaci. A sallah tana tsayuwa da ruku'u yadda ta saba, sujada ce kawai take yi a zaune, da niyyar komawa ƙasa a hankali a kan darduma mai kauri. Aka ba ta ma'auni guda: ciwo har uku cikin goma a lokacin motsa jiki babu laifi, in dai ya koma yadda yake cikin awa 24. In ya wuce haka, an yi yawa, a rage.

Silifas ya koma na bakin ƙofa. Ta samu kambas mai igiya, wanda bayan diddigensa ba ya lotsewa in an matsa da yatsa, kuma yana lanƙwashewa ne a gindin yatsu kawai, ba a tsakiya ba. A ciki aka sa shimfiɗa mai ɗan tudu a kwarmi, irin ta kanti, ba sai wadda aka auna aka ƙera ba. Ranar farko awa ɗaya ko biyu, ana ƙarawa kullum. Mai sa ta yini guda tun ranar farko yakan cire ta ya jefar saboda tsamin tafi. Masana wannan ciwo da suka yi taro a Manchesta ta Ingila a 2015 sun amince cewa irin wannan shimfiɗa tana rage ciwo na ɗan gajeren lokaci, kuma ginshiƙin magani shi ne motsa jiki da ya haɗa ƙugu da gwiwa tare. Wato shimfiɗar tana saya wa mutum makonni kamar shida na sauƙi ne, don ya samu ya yi aikin da zai riƙe shi.

Aikin ya fara daga idon sawu. Miƙar da sha-raɓa a jikin bango, sakan 30 sau uku da gwiwa a miƙe, sau uku da gwiwa a ɗan lanƙwashe, safe da yamma. Sai tura gwiwa zuwa bango a dawo sau 15, diddige a ƙasa. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne barin ƙafa ta baje ciki don gwiwa ta kai bango. In aka yi haka an maimaita cutar ne, ba a gyara ta ba. Gwiwa ta bi layin yatsa na biyu ko da ba ta kai ba.

Sai tafin kansa. A zaune, ƙafa a ƙasa, a jawo gindin babban yatsa zuwa wajen diddige har kwarmin ya ɗan ɗaga, yatsu suna kwance a miƙe, a riƙe sakan 5, sau 10. Motsin ƙanƙani ne, kuma kwanakin farko Malama tana ta dunƙule yatsu, wanda wasu tsokoki daban ne ke yinsa. Aka sa mata takardar kuɗi a ƙarƙashin gindin yatsan, ana ɗan ja, aikinta ta hana ta zarewa ba tare da farcenta ya yi fari ba. Da ta iya a zaune, ta koma a tsaye, sannan a ƙafa ɗaya. Aka ƙara ɗage diddige, sau 12 zuwa 15, zagaye uku, nauyi a kan babban yatsa da na biyu, sauka cikin sakan uku.

Tsayuwa da ƙafa ɗaya ita ce ta fi sauƙin rainawa, kuma a wajenta ita ce ta fi canja abubuwa. Kusa da bango, babu takalmi, wurare ukun nan a ƙasa, gwiwa a ɗan sake, sakan 30 sau uku. Da ta cika 30 ba tangaɗi, ta rufe ido. Bayan nan a kan darduma da aka ninka huɗu. Daga ƙarshe tana tsaye a kan ta dama, tana miƙa ta hagu ta taɓa ƙasa gaba, gefe, da baya, gwiwar dama ba ta shiga ciki. Wannan ana yinsa kullum, don horar da saƙo ne tsakanin ƙafa da ƙwaƙwalwa, yawan maimaitawa yake so fiye da ƙarfi.

Ƙugu da cinya kwana uku a mako, da hutun yini a tsakani. Kwanciya a gefe ana ɗaga ƙafar sama a miƙe, an ɗan ja ta baya, yatsu na kallon gaba, sau 12 zagaye uku. In gaban cinya ne ke gajiya maimakon gefen ɗuwawu, ƙugu ya mirgina baya, a gyara. Kwanciya rigingine ana ɗaga ɗuwawu. Tafiyar gefe da roba a ɗaure sama da gwiwa, tsohon tub na keke ma yana yi. Ga cinya, jingina da bango a ɗan sauka, kada lanƙwasar ta wuce digiri 45 da farko, a riƙe sakan 20 zuwa 30 sau biyar. Sai tashi daga kujera ba dafawa. Sai saukowa daga tsayin santimita 10 a gaban madubi, tana kallon gwiwarta da ƙugunta. Da sau 15 ya zama wasa, aka kai tsayin 20, sannan ta riƙe galan mai lita biyar na ruwa, wato kilo biyar. Tsoka ba ta ƙaruwa sai an ƙara mata kaya. Masu yin motsi ɗaya da nauyi ɗaya wata uku su ne ke cewa gashi bai yi musu aiki ba.

A mako na uku ta dawo ranta a ɓace.

"Likita, na koma gidan jiya."

Da aka bi diddigi, sauƙin da ta samu ne ya sa ta shiga kasuwa ranar Asabar cikin silifas, da goyon ɗanta mai kilo 11, ta dawo ta hau bene gidan surukarta. Goyon nan a matakala ƙarin kilo 30 da wani abu ne a kan ƙoƙo.

"Malama, ba abin da ya fashe. Kin ba ta aikin mako na goma ne a mako na uku."

Aka koma mataki ɗaya baya na kwana huɗu, ba a daina ba, ciwon ya kwanta. Irin wannan tashin yana faruwa da kusan kowa, kuma a nan mutane da yawa ke watsar da komai su koma kemis.

A mako na shida gwajin bango ya kai santimita 8, tana cika sakan 30 a ƙafar dama. A na takwas ta fara sujada a ƙasa a sallah ɗaya, tana ƙarawa. A na goma sha biyu tana hawa da sauka ba riƙe ƙarfe, ta fara cire shimfiɗar takalmi rabin yini. Ƙaran ƙas-ƙas bai tafi ba, kuma ba sai ya tafi ba. Ƙara maras ciwo da kumburi ba alamar lalacewa ba ce. Ta ci gaba da motsin kwana biyu a mako, domin wannan ciwo mai dawowa ne. An bi wasu masu shi na shekara biyar zuwa takwas, fiye da rabinsu suna nan da ƙorafi, kuma waɗanda suka daɗe da shi kafin su fara magani su suka fi shan wuya. Wata takwas ɗin da ta yi tana jira abin takaici ne a wajena, don da ta zo a wata na farko aikin bai kai haka ba.

Ba kowa ne labarinsa zai yi daidai da nata ba. Akwai mai dogon kwarmin tafi, ƙafarsa a sandare, nauyinsa na bin gefen waje, ba ta shanye bugu. Shi takalmi mai laushi yake buƙata, tudu mai tauri zai ƙara masa ciwo. Akwai ɗan ƙwallo ko mai gudu da ƙafarsa lafiya lau, dogon taku ne kawai yake yi yana dira da diddige can gaba. Gajarta taku da ƙara yawansa da kamar kashi 10 cikin 100 yana rage matsin ƙoƙo. Akwai wanda matsalarsa a ƙugu take kacokan. Don haka gwaji ke gaba da magani, kuma sassan gashi irin na Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, suna yin waɗannan gwaje-gwaje.

Wasu alamun kuma ba na wannan ciwon ba ne, kuma ba a jira da su. Gwiwar da ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi, musamman ga mai sikila, asibiti take so a ranar. Haka wadda ke ƙagewa ta ƙi miƙewa, ko ke zubewa bayan murɗewa a fili, ko ciwon da ke tayar da mutum daga barci ba tare da ya motsa ba. Wanda ya haura shekara 50 yana tashi da sandarewar gwiwa da safe, a duba shi don amosanin gaɓɓai. Yaro ɗan shekara 10 zuwa 16 da ke ɗingishi yana kukan gwiwa, musamman mai jiki, lallai a duba ƙugunsa har da hoto, domin kan ƙashin cinya yana iya zamewa a wannan shekarun ya riƙa aika ciwo gwiwa, kuma jinkiri a nan yana iya nakasa ƙugun.